Yadda ake tara tsofaffin gwangwanayen biskit a Sakkwato

Da wuya ka shiga gidan da ke da tsohuwa cikin garin nan, ko Kanwuri ne ko Rijiyar Ɗorowa ko Mabera, ka rasa gwangwanin biskit aƙalla guda ƙarƙashin gado ko bisa kabet, kuma ba biskit ciki, zare ne da allura da maɓallai, ko turaren wuta, ko katin asibiti da tsofaffin rasit, wata ma nan take ɓoye kuɗin adashi. To irin waɗannan gwangwanayen akwai masu tara su a duniya kamar yadda ake tara tsofaffin kuɗi, har gidajen tarihi ke aje su, na garin Reading a Ingila shina da sashe guda na kamfanin biskit na Huntley & Palmers kaɗai. In kana da sha'awa, ga yadda za ka soma tun daga nan gida ba sai ka kashe wasu kuɗi masu yawa ba.

Da farko ka tsaida abin da kake son tarawa

In ba ka yi haka ba ɗakinka zai koma wurin 'yan gwangwan cikin wata biyu, don duk abin da ka gani ɗauka za ka yi. Wani mai tarawa kamfani guda yake bi, misali Huntley & Palmers ko Peek Frean ko Jacob's ko Carr's ko McVitie's. Wani zane yake bi, furanni kawai, ko jiragen ruwa, ko gine-gine. Wani kuma waɗanda alhazai sunka zo da su tsaraba daga Makka, masu rubutun Larabci a gefe, kuma ni a ganina wanga layin ya fi dacewa da mu don shi ne ke da yawa a gidajenmu kuma ba wanda ya damu da shi tukuna. In kana cikin masu ƙyamar aje hoton mai rai a ɗaki ba matsala, masu fure da zanen ado sun ishe ka har ka gaji.

Na biyu, inda ake samunsu

Ka soma da dangi. Amma don Allah kar ka je ka zazzage ma tsohuwa kayanta ka ɗauke gwangwani, faɗa ne za ka ja wanda har Sallah ba a gama ba. Ka sayi sabon mazubi mai murfi mai kyau, ko ma sabon gwangwanin biskit da biskit ɗinsa ciki, ka je ka durƙusa ka gaishe ta, sai ka ce “Inna, wanga gwangwanin da kike aje zare, in na musanya miki da sabo kina ba ni shi?” Galibi dariya za ta yi ta ce “kai ɗan nan mi za ka yi da tsohon gwangwani, ɗauka mana.” In ta ce a'a, na marigayi Malam ne shi ya kawo mata, to ka bar mata abinta, ka dai roƙe ta ka ɗauki hoto. Kuma ko ta ba ka ko ba ta ba ka ba, ka tambaye ta wa ya kawo shi, daga ina, shekarar da anka yi mi. Tsofaffi ba su riƙe shekara da lamba amma za ta ce maka lokacin tana goyon wane ne, ko shekarar da Alhaji ya sauke farali, daga nan kai ka yi lissafi.

Bayan dangi sai 'yan gwangwan da yaran jari bola. Su a wurinsu ƙarfe ne kawai na awo a sikeli, kuma sukan taka shi su lanƙwashe don ya shiga buhu, shi yas sa sai ka riga su. Ka samu guda ɗaya da kunka saba, ka nuna mishi hoto a waya, ka ce duk mai zane irin wanga ya aje maka kar ya murƙushe, ka ba shi lambarka kuma ka riƙa biyan shi fiye da kuɗin kilo, in ba haka ba ba zai wahalar da kanshi ba. Sai masu saida tsofaffin kaya a Tsohuwar Kasuwa da babbar kasuwa, da dillalai mata masu yawo gida-gida da kayan ɗakin da anka gaji da su. In hanya ta kai ka Illela ko ka ƙetara Ƙonni ka buɗe ido, can ana gamuwa da masu rubutun Faransanci. Na intanet kuwa ka yi amfani da shi wajen kwatanta hoto da sanin suna, saye daga waje kuɗin aiko shi ya fi kuɗin gwangwanin.

Na uku, kuma nan ne aikin yake: karanta gwangwani kafin ka biya

Mai saidawa zai ce maka tun zamanin Turawa ne. Kowa haka yake cewa. Kai dai juya shi ka duba ƙasansa da gefe da bakin murfi, ƙananan rubutun nan da ba wanda ke karantawa su ne za su gaya maka gaskiya.

In ka ga zanen layi-layin nan baƙi da fari da ake haskawa a kanti, to ba tsoho ba ne can, don sai 1974 anka fara amfani da shi a Amurka, kuma ya ɗauki shekaru kafin ya bazu. In da adireshin intanet a jiki, bai wuce tsakiyar shekarun 1990 zuwa yau ba. Lambar NAFDAC ma haka, hukumar 1993 anka kafa ta. Wannan kaɗai zai tace maka mafi yawan abin da za a kawo maka da sunan tsoho.

Sai alamun tsufa na gaske. In akwai ragowar takardar farashi da anka rubuta da sule da kwabo, irin 2/6 wato sule biyu da sisi, to kafin naira ne, naira kuwa ranar 1 ga Janairun 1973 ta fara aiki, su Ingila sun bar sule tun 1971. In nauyin an rubuta shi da lb da oz kaɗai ba giram, wannan ma alama ce mai kyau. In an rubuta West Germany, tsakanin 1949 ne da 1990. Amma wadda na fi so ita ce tambarin gidan sarautar Ingila, kamfanonin da ke kai ma fada biskit suna buga tambari da rubutun By Appointment sannan sunan mai sarauta. In King George V ne, 1910 zuwa 1936. King George VI, 1936 zuwa 1952. In kuwa Sarauniya Elizabeth ce to ba ta taimake ka sosai ba, don ta yi daga 1952 har 2022, sai ka haɗa da sauran alamun. Akwai kuma waɗanda anka buga musamman don naɗin sarautarta a 1953, da hotonta a murfi da shekarar ɓaro-ɓaro, irinsu an buga da yawa ƙwarai, suna da daɗin samu amma kar wani ya tsuga maka kuɗi a kansu.

Wani abin dubawa shi ne sunan wanda ya ƙera gwangwanin, don ba kullum mai biskit ke yin gwangwani ba. Na Huntley & Palmers wani kamfani ne a garin nasu mai suna Huntley, Boorne & Stevens ke ƙera musu, kuma su ne sunka samu izinin sabuwar dabarar buga launi kai tsaye bisa ƙarfe a 1877, daga nan ne anka fara fitar da masu siffofi kala-kala, wani kamar jerin littafai an ɗaure da bel, wani kamar jaka, wani kamar mota. Irin waɗannan masu siffa su ne masu tsada wurin masu tarawa, kuma gaskiya samunsu a nan sai an dace. Shi kamfanin biskit ɗin ya daina gasa biskit a Reading a 1976. Abin da za ka fi gamuwa da shi shi ne mai kusurwa huɗu ko zagayayye da kantunan su UAC da John Holt da Kingsway sunka riƙa shigowa da su, sai kuma shuɗin nan na Royal Dansk mai hoton gidan gona, wanda kusan kowace uwa ta mayar gidan zare. Shi wannan daga Denmak yake, a 1966 anka fara shi kuma har gobe ana yi, zanen bai wani canza ba, don haka goma za ka gani kafin ka samu guda mai shekaru.

Ka tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu. Gwangwanin asali ƙarfe ne siriri anka shafe da kuza, zai kama. (Abin dariya ma, tun farkon ƙarni na 20 Turawa sunka riƙa kwasar kuza daga Jos suna kaiwa Ingila, ba mamaki wani gwangwanin da ke ɗakin kakarka kuzarmu ce ta dawo gida da fenti.) Sannan ka shinshina cikinsa, ka shafa zanen da yatsa. Akwai sababbi da ake yi da gangan su yi kama da tsofaffi, za ka ga launin ya yi ɗau, cikin yana ƙyalli, tsatsar ma zana ta anka yi. Tsufan gaske ba ya zuwa daidai ko'ina, bakin murfi inda hannu ke kamawa da kusurwoyin ƙasa su ke fara cinyewa.

Na huɗu, ciniki

Abu uku ke rage daraja: murfin da ba nashi ba, tsatsar da ta huda, da fentin da wani ya sake shafawa. Ɗan lotsawa ko ƙarzuwa ba komai, shekaru ne. Ɗaga shi sama ka kalli rana ta ciki, in haske na shigowa ta ƙananan huji to tsatsa ta gama da shi, sai dai in kyauta ne. Kuma kar ka nuna zumuɗi, in ka ce kai wanga na 1930 ne a gaban mai kaya ka gama yi ma kanka tsada. Taya kamar kana son na zuba ƙusoshi. Amma tsohuwa ko marayu masu saida kayan gado, in ka san abu na da daraja ka biya su da kyau, cin amana ne ka yi musu wayo.

Na biyar, gyara

Gwangwanin biskit ba tukunyar tuwo ba ne, kar ka ba yara su kai shi bakin rijiya. Ba soson ƙarfe, ba toka, ba yashi, ba Omo, ba jiƙawa cikin ruwa, ba fetur ko kananzir a kan zane. Zanen nan siriri ne ƙwarai, goga guda mai ƙarfi sai ka ga fure ya tafi ya bar farin ƙarfe, kuma ba ya dawowa. Ka fara kaɗe ƙura da busasshen buroshi mai laushi. Sannan ka samu tsohuwar riga ta auduga, ka ɗan jiƙa gefe da ruwan ɗumi mai ɗigon sabulu mara ƙarfi, ka matse sosai, ka gwada a ƙasan gwangwanin inda ba a gani, in launi ya biyo tsumman ka tsaya nan. In bai biyo ba ka bi a hankali, wuri kaɗan-kaɗan, kana gogewa da busasshe nan take. Lungunan murfi auduga a tsinke ta ishe su. Bayan nan ka bar shi a buɗe a inuwa wuni guda don damshin da ya shiga haɗin ƙarfen ya fita.

Tsatsar ciki, inda ba zane, kana iya ɗiga man keken ɗinki a tsumma ka murza ta a hankali sannan ka share man tas. Ta waje kuwa ƙyale ta, ka dai hana ta ƙaruwa. Takardar farashi ko ta kanti da ke manne kar ka ɓamɓare, ita ce shaidarka. Murfin da ya ƙi buɗuwa kar ka sa wuƙa ko sukundireba, ɗigon mai a kewayen bakin, ka bar shi ya kwana, gobe ka murɗa da tafin hannu. Kuma tsoho sosai kar a zuba mishi abin ci, dabino ko cincin, don fentin da yana iya ƙunsar dalma, yara ma kar su riƙa sa shi a baki.

Na shida, ajiya

Yanayinmu ta wani gefen gata ne, bushewar nan ta sa ƙarfe na daɗewa bai yi tsatsa ba, ba kamar Legas ba. Maƙiyanka rana ce da ƙura da damina. Ranar Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40, in ta riƙa dukan gwangwani ta taga ja ne ke fara koɗewa, kafin ka farga ya koma fari-fari. Ka sa su a kabet mai gilashi nesa da taga, kamar dai yadda iyayenmu mata ke jeren kwanoni da tasoshi a ɗaki, sai dai kai kar ka ɗora wani bisa wani, in dole ne ka sa tsumma ko kwali tsakani. Da hunturu ƙura na shiga ko'ina, kaɗe ta za ka yi da buroshi, in ka goga da hannu tana ƙarce fenti. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, ka ɗaga su daga ƙasa, ka raba su da bangon da ke tsattsafo, kuma kar ka ƙulle su cikin leda don gumi suke yi. 'Yan ƙunshin nan masu ƙwayoyi da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, ka daina yarwa, jefa guda cikin kowane gwangwani suna tsotse damshi.

Abu na ƙarshe, ka sayi littafin rubutu na 'yan makaranta. Kowane gwangwani ka ba shi lamba a 'yar takarda ka jefa ciki, kar ka rubuta a jikinsa da maka ko ka manna mishi salatif. A littafin ka sa lambar, sunan kamfani, abin da ke rubuce a ƙasa, inda ka samo shi, nawa ka biya, da abin da mai shi ta gaya maka. Ka ɗauki hoto huɗu, sama da ƙasa da gefe da ciki, don duk wanda za ka tambaya a intanet ko za ka yi musanya da shi hoton ƙasan zai fara nema.