Darasi na Tara: Ta Hoto Ma Ɓarawo Kan Shiga Waya

Hoton da ke cikin waya ba irin wanda mai hoto yake wankewa ya miƙo muku a takarda ba ne. Jerin lambobi ne masu yawan gaske. Kafin ido ya ga fuska ko gida, sai wata ƙaramar manhaja da ke cikin wayar ta karanta lambobin, ta mayar da su launi. Kullum tana wannan aiki, ba ta jiran izinin kowa.

To ina matsalar take? Ku tuna da mai awo a kasuwa. Wani ya zo masa da hatsi ya ce, "Malam, tiya ɗaya ce." Mai awo ya ajiye ƙwarya daidai tiya ɗaya, bai leƙa ba. Sai mutumin ya kwance bakin buhu ya juye duka. Ƙwarya ta cika, hatsi ya malala cikin kayan maƙwabta.

Haka abin yake a waya. Kowane hoto yana ɗauke da bayanin girmansa, manhaja kuma ta ware masa wuri daidai abin da ya faɗa. Idan wanda ya rubuta manhajar bai sa ta riƙa tantance maganar ba, mugu zai iya ƙera hoton ƙarya da zai zuba fiye da wurin da aka ba shi. Abin da ya malala kuwa umarni ne, kuma waya na iya bin sa kamar mai ita ne ya bayar.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A 2015 wani mai bincike, Joshua Drake, ya gano irin wannan kafa a wayoyin Android, aka sa mata suna Stagefright. An ƙiyasta ta shafi waya kusan miliyan 950, kuma saƙon bidiyo guda ya isa, muddin an san lambar mutum. A 2021 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto a Kanada ta binciki iPhone ɗin wani ɗan fafutuka na Saudiyya, ta tarar da wasu fayiloli masu sunan hoto mai motsi, alhali ba hotuna ba ne. Ta nan manhajar leƙen asiri ta Pegasus, wadda kamfanin NSO na Isra'ila ke sayarwa, ta shiga. Mai wayar bai danna komai ba. Nan ne abin tsoron yake, domin shawarar da muka saba bayarwa, wato kada a buɗe saƙon baƙo, ba ta yi aiki ba. A Satumban 2023 kuma aka samu wata kafar a manhajar da ke karanta hotuna nau'in WebP, sai da kamfanin Apple da masu manhajojin shiga intanet na Chrome da Firefox duk suka yi gaggawar toshewa.

Kada hankalinku ya tashi fiye da kima. Irin wannan makami yana da tsada, galibi 'yan jarida da 'yan siyasa da masu fafutuka ake nufa da shi. Amma da zarar an bayyana kafa, ƙananan ɓarayi ma sun ji labari, kuma wayar da ba a gyara ba suke nema.

Gyaran shi ne sabuntawa, abin da masu gyaran waya ke kira afdet. Da yawanmu mukan ture saƙonsa gefe don tsoron cinye data. Gaskiya yana ci, amma shi ne facin da kamfani ya aiko don like kafar. A kashe saukar da hotuna kai tsaye a WhatsApp ma yana rage haɗari, ga shi yana tsimin data. Tsohuwar wayar da kamfani ya daina aiko wa gyara kuwa, gara kada a ajiye harkar banki a cikinta.

Aikin yi: kowa ya fito da wayarsa, ya shiga wurin saiti, mai alama kamar ƙaramar taya mai haƙora. Ku nemo inda aka rubuta ranar sabuntawa ta ƙarshe, ku kwafe ranar da watan da shekarar a littafinku. Wanda bai gani ba ya ɗaga hannu, malami zai zo.