Yadda Ake Farautar Taurarin Fulsa a Ƙananan Megahaz

Fulsa gawar tauraro ce. Idan ƙaton tauraro ya cinye makamashinsa ya fashe, cibiyarsa kan dunƙule ta koma curi mai faɗin kilomita 20 ko kusa da haka, amma ya fi rana nauyi. Curin yana juyawa yana feso igiyar rediyo, duk zagayen da ta gifta ta kanmu sai na'ura ta ji bugu ɗaya. Jocelyn Bell ce ta tsinto ta farko a 1967 a Kambirij ta Ingila, a kan megahaz 81.5 (megahaz ma'aunin saurin kaɗawar igiyar rediyo ne, irin lambobin tashoshin FM), tana bugawa duk daƙiƙa 1.337. Ashe tun asali a ƙasan zango, wato ƙananan megahaz, aka fara farautar, kuma yawancin fulsa a can suka fi ƙarfi.

Da farko a zaɓi na'ura da zango. A nan ba a cika aiki da ƙaton faranti mai juyawa ba. Eriyoyi ne birjik a kafe a fili, kwamfuta ce ke haɗa abin da suka ɗauko ta yadda za su zama kamar sun fuskanci wuri guda a sama. Na'urar LOFAR ta Holan, ɗaya daga cikin irin waɗannan, tana sauraro daga megahaz 10 zuwa 240, amma tana tsallake zangon tashoshin FM, don ihunsu ba zai bar ta ta ji komai ba. Takwararta MWA ta yammacin Ostareliya tana aiki tsakanin 70 da 300. Tun da kwamfuta ce ke saita ido, ana iya buɗe idanu da yawa lokaci ɗaya. Binciken LOTAAS na LOFAR ya riƙa kallon wurare 222 tare, awa guda a kowane zama, tsakanin megahaz 119 da 151.

Sai ɗauka. A yanyanka zangon zuwa ƙananan tashoshi fiye da 2,000, a riƙa auna ƙarfin kowace sau kusan 2,000 a daƙiƙa. Daga nan a yi shara: jiragen sama, taurarin ɗan'adam da wayoyin lantarki duk suna zuba hayaniya. A manhajar PRESTO, wadda Scott Ransom ya rubuta kuma take kyauta, rfifind ne ke gano gurɓatattun tashoshi ya rufe su. A kuma gyara agogo, domin duniya tana kewaya rana, in ba a cire wannan tafiyar ba bugun zai yi ta gaba da baya.

Yanzu aka zo inda gizo ke saƙa. Sararin da ke tsakanin taurari ba fanko ba ne, akwai ilektaron, 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu cajin lantarki, a warwatse, kuma suna jinkirta igiyar rediyo. Mai ƙaramin megahaz ta fi shan jinkiri: a rage megahaz da rabi, jinkirin ya ninka sau huɗu. Yawan ilektaron da ke kan hanya shi ake kira DM. Ɗauki fulsa mai DM 30. Bugun da ya baro ta lokaci ɗaya zai iso a megahaz 151, sai bayan daƙiƙa 3 da 'yan kai ya iso a 119. In ita tana bugawa duk rabin daƙiƙa, aka tara tashoshin haka nan, bugu shida sun cakuɗe ke nan, ba abin da zai fito sai shiiii.

Maganin shi ne a ja kowace tasha baya daidai da jinkirinta kafin a tara. To amma wa ya san DM ɗin tauraron da ba a gano ba tukuna? Dole a yi ta gwaji, daga sifili zuwa sama, sau dubbai, kuma a ƙananan megahaz sai tazarar gwajin ta zama 'yar mitsitsiya. Wannan ne ke cinye ƙarfin kwamfuta. A ganina kuskuren sabon shiga shi ne kwaɗayin DM mai girma. Akwai wata illar da ba ta gyaruwa da wannan dabara: igiyar takan watse a hanya ta iso ta kwana-kwana, bugun ya ja jela har ya shafe. Illar tana tsananta ƙwarai a ƙasan zango, shi ya sa waɗannan na'urori suka fi kama fulsa na kusa da waɗanda ke nesa da tsakiyar gungun taurarinmu.

Kowane gwaji yana ba da jeri guda na ƙarfi da lokaci. A bi shi da lissafin Furiye, wanda ke fito da duk abin da ke maimaita kansa a kan ƙa'ida. Da yake bugun siriri ne, ƙarfinsa yana rarrabuwa a ninkin saurin maimaituwarsa, sai a tattaro su wuri ɗaya. Idan fulsar tana kewaya wani tauraro, saurinta na sauyawa, accelsearch, wani sashe na PRESTO, shi ne ke bin sawun wannan. Kada a manta da neman bugu ɗai-ɗai, don wasu sai jefi-jefi suke magana.

Abin da zai fito miliyoyin zato ne, kusan duk shara. A naɗe bayanan kowane a kan tsawon bugun da ake zato, a duba hoton. Na gaske yana bayyana a faɗin zangon, yana daɗewa tsawon zaman, kuma ƙarfinsa yana kai ƙololuwa a wani DM da ya wuce sifili. Jinkirin nan da ya wahalar da mu shi ne shaidarsa. Abin da ya fi ƙarfi a sifili bai ratsa sarari ba, daga ƙasa yake. Haka ma wanda ya fito a duk idanun tare, ko mai bugu 50 a daƙiƙa irin na lantarkin Turai. Yau manhajar da ke koyo daga misalai ce ke tankaɗen farko, mutum ya duba abin da ya rage.

Wanda ya tsira, a duba shi a kundin cibiyar ATNF ta Ostareliya mai ɗauke da fulsa fiye da 3,000, kada a yi murnar gano abin da aka daɗe da sani. In sabo ne a sake kallon wurin wata rana. Ya dawo da tsawon bugu da DM iri ɗaya, to an samu. Da LOFAR aka kama J0250+5854 mai zagaye ɗaya a daƙiƙa 23.5, da J0952-0607 mai zagaye 707 a daƙiƙa. Lambobin sunan adireshinsu ne a sama, kuma kafin a tabbatar da adireshin daidai sai an shekara ana auna isowar bugun, duniya ta gama kewaya rana sau ɗaya.