Shawara ga masu farautar talo-talon daji a Amurka

'Yan uwa, in kun fita farautar talo-talo da kaka a Wisconsin ko Minnesota, ku leƙa inda aka sare daji shekara 10 zuwa 15 baya, ƙananan itatuwan aspen suka tsiro a cunkushe.

Nan tsuntsun grouse, mai kama da fakara, yake zama. Duhuwar na kare shi daga shaho, ga toho yana ci. Talo-talo kuwa ƙarƙashin manyan itatuwan oak yake kiwo. Ku bi iyakar wuraren biyu ku farauci tsuntsayen duka biyu: fita ɗaya, kuɗin mai ɗaya.

In itatuwan aspen ɗin sun girma har ƙarƙashinsu ya yi fili, kada ku ɓata lokaci, grouse ya tashi.

Lasisin talo-talo bai haɗa da grouse ba, sai kun yanki na ƙananan namun daji.