Bayan canjin inji, duba fulogi kafin ka taɓa kafireta

'Yan uwa, in ka sa wa motarka injin Beljiyam ta fara shan mai ko kakarewa, kar ka yi saurin sayen wata kafireta. Fulogi zai faɗa maka inda matsalar take.

Sa sababbin fulogi, ka yi tafiya a buɗaɗɗen titi har inji ya yi zafi sosai. Ka tsaya, ka kashe nan take, kar ka bar ta a silo. In ya huce, ka kwance fulogin, ka duba launin bakinsu.

Baƙin kunkunniya busasshe: mai ya yi yawa. Fari fat: iska ta rinjayi mai. Ruwan ƙasa: lafiya lau.

Farin ne ya fi tayar mini da hankali, don yana ƙona bawul har da fistin. Yawanci ba laifin jet ba ne, wato ɗan ramin da mai ke bi a cikin kafireta. Wajen haɗa inji, wani ƙaramin tiyo aka bari a buɗe, ko gasket ɗin ƙarƙashin kafireta na shaƙar iska. Fesa mai wanke kafireta kaɗan a gindinta inji na silo, nesa da salansa. Sauti ya canja? Nan ne ɓular.

In baƙi ne kuma motar da injekta ce asali, tambayi famfon mai. Na injekta yana tura mai da ƙarfin wajen psi 40 (ma'aunin matsi), kafireta kuwa 3 zuwa 6 take buƙata. Duk juya sukurun kafireta da za ka yi, ambaliya za ta ci gaba.

Dabarar duba launin fulogi ba ta aiki in fulogi ya jiƙe da baƙin mai, wannan ringi ne ko silin bawul. Haka in tayimin bai zauna ba, sai ka fara saita shi.