Yadda za ka hana kwamfuta sake buɗe manhajoji bayan ta mutu ba shiri

Duk mai aiki da kwamfutar da ta kwana biyu ya san wannan ciwon kai: na'ura ta daskare, ko a ɗauke wuta ta mutu ba shiri, ka sake kunna ta, kafin ka taɓa komai ta hau buɗe manhajoji da kanta, har da wadda ta jawo matsalar tun farko, fanka na ta ƙara, linzami kuma ya ƙi motsi. Gyaran ba a wuri ɗaya yake ba, shi ya sa mutane da dama ke kashe maɓalli guda su ga abin bai daina ba.

Windows 10 ta fara dawo da manhajoji da kanta tun sabuntawar ƙarshen 2017. Domin hana ta, ka shiga Settings, sai Accounts, sai Sign-in options, ka gangara ƙasa ka kashe maɓallin "Restart apps". A Windows 11 rubutun ya fi tsayi, yana farawa da "Automatically save my restartable apps".

Sai dai wannan maɓalli ya fi shafar lokacin da ka sake kunna na'urar da hannunka. Bayan mutuwar ba-zata, yawancin abin da ke tasowa manhajoji ne da suka sa kansu cikin jerin masu tashi tare da kwamfuta. Ka danna Ctrl da Shift da Esc a tare domin tagar Task Manager ta fito, ka buɗe sashen Startup, ka duba waɗanda aka rubuta wa "High", domin su ne suka fi jan ƙafar na'ura wajen tashi, ka danna Disable a kan duk wadda ba ka bukata da sassafe. Manhajar kariya daga ƙwayoyin cuta kuwa, ka bar ta yadda take.

Chrome, manhajar shiga intanet, ita ma tana da nata. A cikin Settings, ƙarƙashin "On startup", ka zaɓi "Open the New Tab page". Idan kuma ta nuna maka "Restore" bayan ta mutu, shawarata ita ce kada ka danna, domin shafin da ya daskarar da ita yana cikin waɗanda za su dawo. Gara ka danna Ctrl da H domin ganin jerin shafukan da ka ziyarta, ka ɗauko shafukan da kake so ɗaya bayan ɗaya.

Mai amfani da kwamfutar Mac ta kamfanin Apple, wadda ta zo da wannan tsari tun 2011, ya cire alamar da ke gaban "Reopen windows when logging back in" a lokacin kashewa, ya kuma riƙe Shift yayin buɗe manhajar da ke ba shi matsala domin ta tashi babu tsofaffin tagoginta.

Abin da nake roƙon kada ka kashe shi ne AutoRecover na Word, wanda ke ajiye kwafin rubutunka kowane minti 10. Inda wuta ba ta da tabbas, ka shiga File, sai Options, sai Save, ka rage shi zuwa minti 3.