Kurakuran da Sababbin Masu Riƙe Bindiga Suka Fi Yi a Biranen Amurka

Na gaji da jin sababbin zuwa Amurka suna cewa a ƙasar nan kowa yana iya yawo da bindiga duk inda ya ga dama. Gaskiya ne a 2022, a shari'ar Bruen, Kotun Ƙoli ta tabbatar da haƙƙin ɗaukar bindiga a wajen gida domin kare kai, amma hukuncin ya bar wa hukumomi ikon hana ta a wurare irin su makarantu, kotuna da rumfunan zaɓe.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne ɗaukar lasisin bindiga tamkar lasisin tuƙi, wanda yake aiki a kowace jiha. Jihar New York ba ta amincewa da lasisin wata jiha, kuma ko lasisin jihar kanta ba ya isar mutum a cikin birnin New York sai da izini na musamman daga 'yan sandan birnin. Wani ƙanena ya tuƙo mota daga jihar Pennsylvania zuwa New York da bindiga mai harsashi a ciki, yana taƙama da takardarsa, aka tsare shi a kan laifin hanya, aka ga bindigar. Laifin da aka tuhume shi da shi yana da ɗaurin da bai gaza shekara uku da rabi ba, kuma kuɗin lauya ya cinye mana abin da muka daɗe muna tarawa. Ashe mai hankali zai tsallaka iyakar jiha da makami bai karanta dokar inda za shi ba? Ni dai al'adata, idan zan bar jihata, bindiga tana zama a gida cikin akwatin ƙarfe a kulle.

Wasu kuma suna zaton idan babu allon gargaɗi a ƙofa to babu hani. Tun daga 1 ga Satumba 2022 dokar New York ta hana shiga da bindiga dandalin Times Square, jiragen ƙasa, asibitoci da mashayai, ko da mutum yana da cikakken lasisi. Dokar tarayya ma ta hana ta a gidajen waya da ofisoshin gwamnatin tarayya a duk faɗin ƙasar, har a Texas inda aka daina neman lasisi tun 2021.

Ɗalibi ko baƙo mai bizar ɗan lokaci ya sani cewa dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga, in ban da 'yan keɓantattun dalilai kamar lasisin farauta. Mai hawa jirgin sama kuwa ya cire harsashi, ya kulle bindigar cikin akwati mai tauri, ya sanar da kamfanin jirgin, sannan ya caje jakar hannunsa tun daga gida don kada bindiga ko harsashi ya rage a ciki.