Yadda ake haɗa labarin hoto da 'yan tsana da wayar hannu

Wata la'asar a gidanmu na Garoua, a arewacin Kamaru, na tarar da ɗan yayata kwance rubda ciki a tsakar gida. Ya jera sojojin roba uku da wata saniyar laka da ya gina da hannunsa, yana yi musu magana da muryoyi daban-daban. Saniyar ta ɓata, sojojin na cigiyarta. Na kwanta kusa da shi, na ajiye wayata a ƙasa daidai tsayinsu, na ɗauka. Da muka duba hoton sai ga sojan da bai kai tsawon yatsa ba ya tsaya kamar ƙato, inuwarsa ta miƙe a kan yashi. Tun daga ranar muke fitar da labarinmu kashi-kashi ga 'yan uwa da abokai.

Ba da labari da jerin hotuna, a rubuta magana a kansu, ya fara tashe a Italiya a 1947, Faransawa suka kira shi roman-foto, kuma iyayenmu da suka yi boko sun karanta irinsa a mujallu. A namu, 'yan tsana ne ke tsayawa a madadin mutane. Wanda ke da labari a ransa amma hannunsa bai iya zane ba, ga hanyar da muke bi.

Da farko, tara 'yan wasanka

Uku ko huɗu sun isa. Abin lura shi ne tsayinsu ya zo ɗaya. 'Yan mutanen LEGO, waɗanda kamfanin Denmark ya fara fitarwa a 1978, tsawonsu kamar santimita 4 ne. Na Playmobil, na Jamus, tun 1974, santimita 7 da rabi ne. Idan ka haɗa su a hoto ɗaya, ɗaya zai zama uba, ɗaya yaro, ko kana so ko ba ka so. Akan dace da irinsu a tarin kayan gwanjo a kasuwa, in mutum ya yi haƙurin tonawa.

Ni dai na fi son namu na gida: shanun laka masu tozo, dokin kara, motar langa-langa, 'yar tsanar tsumma. Gina siffa da yumɓu tsohon abu ne a ƙasar nan. Mutanen Sao da suka zauna a kudancin Tafkin Chadi sun bar siffofin mutane da dabbobi na gasasshen yumɓu, ana ganinsu a gidan tarihi na Njamena, kuma har yau matan Gaoui, wani ƙauye kusa da Njamena, suna ginin tukwane. Idan da laka za ka yi, shanya ta a inuwa kwana biyu ko uku. Saniyarmu ta farko a rana muka shanya ta cikin zafin Afrilu, ta tsage daga tozo har ciki, yaron ya yi kuka sosai.

Wani zai tambayi matsayin siffofi a addini. An ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa, ko ya yi labarinsa da motoci da kwale-kwale.

Na biyu, labari kafin hoto

Kada ka taɓa waya tukuna. Ɗauki littafin makaranta, ja akwatuna shida zuwa takwas, kowane akwati hoto ɗaya. A ƙarƙashinsa rubuta wa ke ciki, me yake yi, me ya ce. Kowane ɗan wasa ya kasance da abin da yake so da abin da ya tare shi: Mai Shayi yana bin Makiyayi bashi, Makiyayi ba zai biya ba sai an ga saniya. Akwatin ƙarshe ya bar tambaya a buɗe, don a jira na gaba. Ka rubuta kashi uku kafin ka fitar da na farko, saboda ranar da zazzaɓi ko biki zai hana ka aiki.

Na uku, gina fage

Nan ne daɗin aikin yake. Samu faranti babba ko katako mai faɗi da za ka iya ɗauka ka ajiye, ka zuba masa yashin bakin kogin Binuwai, ka tankaɗe shi da rariya don tsakuwa ɗaya za ta fito kamar dutse. Tsinken tsintsiya da aka saƙa da zare ya zama zana. Kwalin ashana teburin mai shayi ne, marfin kwalba kwano, audugar da aka baza hayaƙi ko hadari. Shuɗiyar leda da aka ɗan yamutsa tana ba da kogi mai ƙyalli. Da laka kana iya kwaikwayon dogayen ɗakunan ƙabilar Musgum na garin Pouss masu zanen tsagi, ko dogayen duwatsun ƙauyen Rhumsiki a can baya. Bayan fagen kuwa, jingina kwali mai launin sama, ko ka bar katangar gida in ta yi nisa, za ta dushe da kanta.

Idan ka tashi, ka ɗauke fagen. Akuyar maƙwabta ta taɓa cinye mana shingen kara da rufin ɗaki biyu cikin ɗan lokacin da muka je sallar magariba.

Na huɗu, haske

Da sanyin safiya ko bayan la'asar. Ranar tsaka tana sa roba ƙyalli, ta jefa baƙar inuwa a fuska. In dole sai da tsakar rana, shiga ƙarƙashin rumfa ko a riƙe maka farin mayafi a sama. Farin kwali a gefen da ke duhu yana mayar da haske kan fuska. Hazon hunturu yana tausasa haske ƙwarai, sai dai ka riƙa goge idon kyamara da 'yan tsanan, don ƙura ɗaya tana fitowa kamar tabo. Fagen dare kuwa, tocila ɗaya daga gefe, an rufe bakinta da farar takarda. Kashe filashin waya gaba ɗaya.

Na biyar, ɗauka

Sauka ƙasa. Wannan shi ne ginshiƙin aikin duka. Hoton da aka ɗauka daga sama kayan wasa ne a kan yashi; wanda aka ɗauka daidai idon 'yar tsana, mutum ne a garinsu. Juya wayar kai ƙasa don idon kyamara ya kusanci yashi, ka tokare ta da duwatsu biyu ko bulo. Ja baya kamar taƙi ɗaya, taɓa fuskar ɗan wasan a allo har ta fito tar, sannan ka sa agogon daƙiƙa 3 don hannunka kada ya girgiza ta. Kada ka jawo hoto da yatsu, yana ɓata shi. Matso da wayar, ko ka yanke daga baya.

Fuskar 'yar tsana ba ta canzawa, don haka jiki ne zai yi magana. Sunkuyar da kai baƙin ciki ne. Juya baya fushi ne. Mutum biyu da suka matso kusa suna ƙus-ƙus ne, in ka raba su da taƙi guda an ɓata. Wanda kake so ya yi kwarjini, ɗauke shi daga ƙasa-ƙasa. Wanda ya ji tsoro, ɗan ɗaga wayar sama da shi. Hoton da na fi so a duk abin da muka yi shi ne na Makiyayi zaune shi kaɗai a bakin ledar kogi, an ɗauke shi ta baya, igiyar saniya a ƙasa gefensa, babu kalma ko ɗaya. Wata gwaggonmu ta kira waya tana tambayar ko za a ga saniyar.

Mai faɗuwa, manna ƙafarsa da ɗan cingam ko ƙaro ka rufe da yashi. Mai tsalle, rataye shi da zaren fatsa. Wanda ya tsaya a hagu ya ci gaba da zama a hagu har fagen ya ƙare, in ba haka ba mai karatu zai rikice. Wanda zai fara magana shi ake sawa a hagu, tunda boko daga hagu ake karanta shi. A bar sarari a saman hoto don rubutu. Kowane akwati a ɗauke shi sau uku ko huɗu, kuma a sassaɓa: ɗaya daga nesa da ke nuna wurin, ɗaya kusa da fuska, ɗaya a kan hannu ko ƙafa.

Na shida, sa magana

Manhajoji irin su Canva, PicsArt da ibisPaint suna da balan-balan ɗin magana. Fari, rubutu baƙi, wutsiyarsa ta nuna bakin mai magana. Kada ya wuce kalma goma sha biyar, don a ƙaramar waya za a karanta. Sa Hausa a Gboard, manhajar madannan rubutu ta waya, don samun ɓ, ɗ da ƙ, ka gwada salon rubutun tukuna, domin wasu suna mayar da haruffan nan akwatin banza. Bar mutanenka su yi magana yadda ake yi a kasuwarmu: Hausa, a tsoma Fulatanci, ɗan sanda ya jefo Faransanci.

Sai fitarwa

Hoto mai faɗin fiksel 1080 da tsawon 1350 ya dace da Facebook da Instagram. WhatsApp yana matse hoto har ƙananan haruffa su dushe, don haka tura shi a matsayin fayil. Rubuta sunan labarin da lambar kashi a hoton farko, ka tsayar da rana ɗaya a mako. Mu Juma'a da yamma muke yi. Kada fuskar yaran gida ta shiga hoto ba da iznin iyayensu ba. Kwafe ainihin hotunan a katin ajiya. Kafin ka kwashe fage, ɗauki hoto ɗaya daga sama da ke nuna inda kowa ya tsaya, sannan ka nannaɗe na laka a tsumma, ka sa su a gwangwanin madara mai murfi.